Kwalin Tambaya a Taron Iyaye

Zuwa ga maman yara,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya. Ya jikin yayarki? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai tun da kika tafi ni da gishirin miya ba mu shirya ba.

Akwai maganar da ta hana ni sukuni. Kin san an ɗora wa 'yarmu malama darasin nan na balaga da kariya daga cutar ƙanjamau. To, iyaye sun yi mata ca. Ranar Asabar za a yi taro, kuma shugaban makaranta ya ce in masu ƙi suka yi rinjaye, za a soke darasin, ita ma a ɗauke ta daga ajin. Mutum uku sun zo shago sun karɓe yadinsu ban ko yanka ba. Mai kantin katako har cewa ya yi wai na haifi mai buɗe wa yara ido.

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma kunya nake ji. Na roƙe ta ta koma koyar da lissafinta, ta ce yaran sun riga sun ji komai a waya, gaskiyar ce kaɗai ba su ji ba. Wannan taurin kai dai ba a wurina ta gado shi ba. Ki sa ta a addu'a.

Mijinki,
Tela

Zuwa ga maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Gyara zama ki sha labari.

Na je taron, na laɓe a bencin baya kamar mara gaskiya. Na zaci doguwar lacca za ta yi, sai ga ta da kwalin madara an tsaga masa baki. Ta ce haka take yi a aji: kowa a ba shi takarda, kowa kuma dole ya jefa a kwali, ko ya yi rubutu ko bai yi ba, don kada a san wa ya yi tambaya. Ta ce kafin a yanke mata hukunci, iyaye su ɗanɗana abin da 'ya'yansu ke sha. Aka yi ta gunaguni, amma aka jefa.

Mu sittin da ɗoriya ne, takarda tara kacal ta fito fara. Wani ya tambaya ko sauro na yaɗa cutar, ta ce a'a. Wata ta tambaya ko mai ɗauke da ita za ta iya haihuwar lafiyayyen ɗa, ta ce ƙwarai, in tana zuwa asibiti tana shan magani kan ƙa'ida. Wani kuma cewa ya yi ta ina zai fara magana da ɗansa. Ɗaya bayan ɗaya take amsawa, ba inda-inda, ba kuma kalmar da za ta sa dattijo sunkuyar da kai. Mai katako, sarkin hayaniya, na gan shi ya kafa hannu a bayan kunne.

Ni ma na rubuta. Kin tuna maƙwabcinmu mai gyaran rediyo? Da ciwon ya kama shi ya zo ɗinki, na ƙi gwada shi, na ce ya aiko tsohuwar rigarsa. Shekara goma sha biyu abin na cina. Na tambaya ko ana ɗauka ta taɓa jiki. Ta karanta, ta sake duban rubutun, sannan ta ce ba a ɗauka ta taɓawa, ko musafaha, ko cin abinci kwano ɗaya. Ta ƙara da cewa wanda ya guji mara lafiya don rashin sani, saninsa na yau ya amfani na gaba. Na rasa inda zan sa idona.

Da aka zo ɗaga hannu, mutum huɗu ne kawai suka ƙi. Darasi ya tsira, har mata suka nemi a buɗe musu nasu ajin. Da na ji wani a gefena yana tambayar 'yar waye wannan, wallahi ban san lokacin da na miƙe na ce tawa ce ba.

A gida ta kawo mini shayi ta ajiye. Har ta kai bakin ƙofa ta juyo, ta ce Baba, in za a sake irin wannan, ka riƙa rubutawa da hannun hagu.

Ki dawo da wuri, a ci wannan alfahari da ke.

Mijinki,
Baban Malama