Shayinka da Kofina

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta wajaba a kaina, da fatan kana lafiya, sanyin nan bai taso maka da murarka ta kowace shekara ba. Yaya shago? Yaya Mama da ciwon gwiwarta? Ni lafiyata ƙalau a gidan Yaya. Na zaɓi takarda ne saboda ita ba za ka iya katse ta da "to, to, na ji" ba.

Ina so in tuna maka Asabar ɗin da ka manta safar hannunka a kan firji. A wurinka rana ce kamar kowace. Ni a ranar komai ya juye mini. Da na ga safar sai na ce bawan Allah zai wuni a Rumbu, ɗakin nan na bayan zauren taro inda kuke raba wa mutanen unguwa abinci lokacin sanyi, yatsunsa za su ƙandare. Na zura rigar sanyi na bi ka a ƙafa. A hanya har ina tsara yadda za a yi: ka ɗago kai, ka hango ni a bakin ƙofa ina rawar ɗari, ka ajiye abin da ke hannunka ka taho. A littattafaina haka ake yi.

Ban taɓa shiga Rumbu ba sai ranar, domin kullum cewa kake wurin ba na masu mafarki ba ne. Na tarar da layi har waje, mutane suna hura tafin hannu suna buga ƙafa. Kai kuma kana tsaye a kan akwatin katako kana jawabi, Shugaban Kwamiti guda. Da kunnena na ji ka ce kada kowa ya kawo abin da ya gaji da shi, a kawo abin da rai yake so, wannan ita ce kyauta. Aka tafa. Ni ma na tafa, da safarka a hammata.

Sai idona ya sauka a kan tebur. Ga gwangwanayen kifina. Ga kwalbar garin kofina mai jan murfi. Ga man gyaɗata. Ga kwalbar barkonon da ban ma buɗe ba, wadda na ɗiga wa jan farce a murfi don kada in ruɗe ta da ta tumatir. Maigida, tun farkon sanyi nake neman kayan nan a kantar ƙasa ina rasawa. Duk lokacin da na tambaye ka sai ka ce na cinye na manta, hankalina yana cikin littafi. Har Yaya na gaya wa ina tsoron kaina ya fara taɓuwa. Har na daina shiga kicin da littafi, wai don in riƙa kula.

Da muka koma gida ko kunya ba ka ji ba. Ka ce ƙarnin kifi yana kama labule, kofi yana hana barci, barkono kuwa atishawa yake sa ka, gara a ba mabuƙata mu samu lada. Mu. Kantar sama kuwa, inda shayinka mai ƙamshin lemo yake zaune da zumarka da biskit ɗin da ba a taɓawa, ko ƙurarta ba ta motsa ba. Ashe da raina kake kyauta, ana tafa wa naka.

To, na ɗauki jawabinka da muhimmanci. Jiya da hantsi, kana shago kana gwada wa mutane tabarau, na hau kujera na sauke kantar sama kaf. Na kai Rumbu na ce Shugaba ne ya aiko, ya ce a fara da abin da ransa ya fi so. Matar da ke riƙe da makullin wurin har ƙwalla ta yi. Daga nan na wuce gidan Yaya da jakata. In ka je ranar Asabar za su tafa maka. Ka yi murmushi, ai ka iya.

Ka riƙa ba furen taga ruwa, shi bai yi maka komai ba. Ka gaida Mama.

Matarka,
wadda kake kira 'Yar Mafarki


Ranka ya daɗe, Shugaba,

Bayan sallama da gaisuwa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kuma maƙogwaronka ya jure shayin kanti tunda naka ya tafi aikin lada. An ce ka yi jawabi mai kyau da aka gode maka. Ban yi mamaki ba. Yaya Mama? Na ji an canja mata magani, Allah ya sa a dace.

Na ga ramuwarka. Ka yi ƙoƙari.

Tunda na zo gidan Yaya nake zuwa Rumbu ranakun da ba ka zuwa, ina taya su jera kaya. Shekaranjiya ina shiga na ga kwali a gefen hitar da ke ɗumama ɗakin, an rubuta a jiki wai kyauta ne, kowa ya ɗauka. Na gane kwalin tun daga ƙofa, na ƙarƙashin gadonmu ne. Littattafaina ne, Maigida. Waɗanda na taho da su daga gidanmu, waɗanda na liƙe bayansu da salatif, da wanda nake karantawa ban ƙarasa ba, tsinken gashina yana ciki a shafin da na tsaya. Ban yi kuka a gabansu ba. Na shiga bayan buhunan shinkafa na yi, na fito na ce ƙura ce.

Amma ka san abin da ya faru? Akwai wani tsohon direban bas da ke zuwa da wuri don ya samu kujerar kusa da hita. Na same shi ya dulmiya a cikin guda, har an kira shi bai ji ba. Da na taɓa shi sai ya ce in bari tukuna, yarinyar nan tana shirin yin wauta, yana so ya ga ko za ta yi. Wata mai sharar asibiti ta saka biyu a jaka, ta ce mai littattafan nan ko wace ce ta san daɗi. Kai ka ce shirme ne, su suna rububi. Ban ɗauke ko ɗaya ba sai tsinkena.

Na kuma ga dokarka ta aiki. Leda iri ɗaya ga kowa, a ɗaure, ba buɗewa, ba musaya, domin a cewarka mai jin yunwa ba ya zaɓe. Akwai wata tsohuwa mai sanda, haƙoranta sun zube, duk mako a ba ta busasshen biskit da gyaɗa. Ta ce mini jiƙa su take yi a ruwan zafi har su zama kamar takarda. Direban nan ba ya shan madara, tana ɓata masa ciki, sai ya kai gida ya ajiye. Na kwance ledojin na baje kayan a tebur, na riƙa tambayar kowa me yake so. Layin bai fi na da tsawo ba, kuma babu wanda ya wawushe komai. Ka kai ni ƙara gaban kwamitinka in ka ga dama.

Tsohuwar ce ta gama da ni. Da na ba ta madara da garin alkama mai laushi, sai ta riƙe hannuna ta ce ke 'yar nan mai tambayar mutane, ke me kike so? Na ce mata sai na yi tunani tukuna. Tunda na shiga gidanka ba a yi mini wannan tambayar ba. Tagar da kake so a buɗe ita ake buɗewa. Tashar da kake so ita ake kallo. Labulen launin toka ne saboda kai ba ka son rawaya. Kantar ƙasa ce kaɗai tawa, ita ma ka bi ta ka share.

Ƙanwarka ta zo jiya da saƙonka. Ta zauna a bakin kujera ko rigar sanyi ba ta cire ba, ta ce abin dariya ne a ji aure ya girgiza a kan kifin gwangwani, mutane za su ce me. Yaya ta ce mata mutane za su ce kifin ya yi daɗi. Ni ban yi dariya ba. Na san ina kewar gidan. Ina kewar ƙarar makullinka da yamma, da yadda kake goge tabarau da gefen riga kafin ka yi magana. Ba zan ɓoye maka ba, duk motar da ta tsaya a ƙofar Yaya sai na leƙa.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba shi da wuya. Ka aiko mini da abu ɗaya da nake so. Ɗaya tak, ka sayo da kanka, ka ɗora a kantar ƙasa ko ka ba ƙanwarka ta kawo. Ba na neman jawabi. In na gan shi zan haɗa jakata.

Ka rufe tagar bayi, iska tana shiga ta nan. A gaida Mama da kyau.

Ni ce,
'Yar Mafarki


Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen shago. Mu nan sai godiya. Sanyi ya ƙaru, bututun ruwan Yaya har ya daskare da safe, amma mun samu mai gyara.

Saƙonka ya iso. Ƙanwarka ta kawo shi a leda mai kyau, an naɗe da takarda mai sheƙi har da zare. Zan gaya maka gaskiya, da sauri na karɓa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada Yaya ta ga fuskata. Jakata tana kan gado, rabinta a haɗe tun ranar da na aika maka wasiƙa. Na ce a raina yau dai littattafaina za su yi gaskiya, namiji zai sauko.

Shayi mai ƙamshin lemo. Da ƙaramar kwalbar zuma.

Na fito da su a hannu na tambayi ƙanwarka ko ta yi kuskuren leda. Ta sunkuyar da kai ta ce a'a, kai ka naɗe da kanka, ka ce a gaya mini wannan ya fi mini lafiya, a hankali zan saba.

Na zauna ina kallon kwalin shayin. Duk kwanakin nan ina yi maka uzuri a zuciyata. Ina cewa bai sani ba ne, namiji ne, aiki ya yi masa yawa, mai duba idon mutane ba lallai ya ga na gidansa ba. Sai yau na gane wautata ta fi ta yarinyar littafin direba. Wanda bai san abin da nake so ba, ta yaya zai tsince shi daga kanta ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa kuskure ya haɗa da nasa ba? Ka sani sarai. Ka fi kowa sani a duniya. So ne ba ka yi in so shi ba. Ledar Rumbu ka ɗaura mini, a ɗaure, ba buɗewa, ba musaya.

Ban zubar da shayin ba, ba a yi mini tarbiyyar zubar da abinci ba. Na kai Rumbu na ajiye a tebur na tambaya wa yake so. Direban nan ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta, ya ce tun wancan da Shugaba ya aiko bakinsa ya lalace, ba ya iya shan wani. Ya ce in gode maka. Ga shi na gode maka. Zumar kuwa tsohuwa mai sanda ta tafi da ita. Kafin ta fita ta sake yi mini tambayarta, wannan karon na ba ta amsa ban yi inda-inda ba: kofi mai madara da yawa, kifi da barkono a kan burodi, labule rawaya, da a bar ni in ƙarasa shafi kafin a kira ni. Ta ce to Allah ya ba ki, 'yar nan, ai ba ki nemi da yawa ba.

Kwamitinka sun zauna, na san ka ji. Sun ce a ci gaba da baje kaya a tebur har ƙarshen sanyi. Matar nan mai makulli ta ba ni Talata da Alhamis. Asabar taka ce, ba za mu haɗu ba. Kada ka daina zuwa saboda ni, mutanen nan suna buƙatar abincin, kuma ka iya tara shi, wannan ban taɓa musu ba. Abu ɗaya kawai, daga yau ka riƙa ɗauka daga kantar sama, domin ta ƙasa ba mai cika ta.

Littattafan na bar wa Rumbu. Furen taga Yaya za ta zo ta ɗauka tare da sauran kayana ranar Lahadi, ita da mijinta. Ka gaya wa Mama zan je in gaishe ta da kaina, ita ba ruwanta.

Na kwance jakata na jera kayan a durowar Yaya. Ba zan dawo ba.

Ka huta lafiya,
'Yar Mafarki