Fentin Ɗakin Amarya

Zuwa ga Yaya Abdussalam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya birni? Baba da Inna suna gaishe ka. Mu nan ƙalau, sai geron da ya ƙare a rumbu tun shuka ba ta kai gwiwa ba, kamar gidan kowa bana.

Gwangwanayen fenti biyun da ka aiko sun iso, na gwada kowanne a bango. Ɗaya ruwan madara, ɗayan kamar kunun gyaɗa. Da safe ba ka bambance su, sai da la'asar na biyun yake ɗan yin duhu. Inna ta leƙa ta ce duk fari ne.

Ka san rubutun gawayin da na cika bangon da shi lokacin da nake koya wa kaina boko. Na kankare, ya ƙi fita. Ruwan madarar ba ya rufe shi, kunun gyaɗar kuwa shafa ɗaya ya haɗiye shi.

Ka tambayi ra'ayina kan launi, amma ba wanda ya tambaye ni kan ɗakin. A bakin Hure mai ƙosai na ji wai ɗakina za a sa amaryarka, tunda siminti ya fi ƙarfinka. Wallahi da ka faɗa min da bakinka, da na ba ka.

Ƙaninka,
Hadi

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya.

Dangin amaryarka Sakinatu sun zo ganin ɗaki. Ruwan madara suka zaɓa, wai shi ya dace da labule. Sai gwaggonta ta hango baƙaƙe a ƙarƙashin fentin, ta yi salati, ta ce asiri aka binne wa 'yarsu, ba za su yi jere ba. Asirin nan sunayen kasuwanni ne da su "doki" da "rago". Na karanta mata, ta ce ai dama mai abin shi ya san karatunsa.

Da na yi shiru da an ɗaga bikin. Na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye maka ba. Jiya dai na shafe ɗakin kaf da kunun gyaɗar. Sun dawo sun gani, sun yaba, ba wadda ta lura ba launin da suka zaɓa ba ne.

Baba ya ce in koma zaure. Ba zan koma ba. Usaini abokina ya samo min aikin dako a kasuwar Dawanau, gobe zan tafi. Littattafaina suna cikin buhu a ɗakin Inna, kada a hura wuta da su.

Allah ya sanya alheri.

Ƙaninka,
Hadi