Koriyar Gangar da Na Aika wa Inna

Unguwar Wulari, Yerwa,
14 ga Afrilu, 1963.

Zuwa ga Kawuna Nasidi, a Gaya.

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida duka. Allah ya ƙara maka tsawon rai, ya sauƙaƙe ciwon gwiwar nan da na ji yana hana ka zuwa kasuwar Wudil. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Mu ma nan muna lafiya, sai zafin bazara, wanda na Barno ba irin namu ba ne, tun da hantsi ƙasa take fin ƙarfin tafin ƙafa. Matata Sa'adiya tana gaishe ka, cikinta ya shiga wata na bakwai, ƙafafu sun ɗan kumbura amma tana cin abinci. Ka yi haƙuri da rubutuna, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga hannu a gajiye. Kuma ina roƙon duk wanda zai karanta maka ita, don Allah kada ya tsallake ko layi ɗaya.

Kawu, maganar gangar ruwan Inna ce. Makon jiya na ba Inuwa direba saƙon baka, na ce a daina shan ruwanta. Jiya ya dawo ya ce ya faɗa, Inna ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ganga ba ta yi wa kowa komai ba, kowace Juma'a tana wanke ta, sannan ta ɗebo masa ruwa a ciki, shi kuma don kunya ya sha. Shi ya sa na zauna na rubuto maka yadda abin yake tun daga tushe. Kai yayanta ne, kai kaɗai take jin maganarka ba ta juya ta.

Ka san a kamfanin ƙiraga nake aiki. Idan aka kawo ƙirgin shanu da fatun awaki, sai mu tsoma su a wani kwarmi na siminti mai ruwan magani, don kada ƙwari su cinye su kafin su kai Ikko, sannan mu shanya. Maganin farin gari ne, a ganguna yake zuwa daga Turai. Al'adar wurin tun kafin in zo, duk gangar da ta ƙare ana ba lebura ɗaya, bi da bi. Nan garin ganga abin alfahari ce, wanda yake da ita matarsa ba ta zaryar rijiya. Kuma ba mu ɗauka da ganganci, muna da yadda muke yi: a wanke ta sau bakwai, har da toka da yashi, kamar yadda malamai suka ce a yi wa ƙwaryar da kare ya sa wa baki, a kife ta a rana kwana uku. Muna ganin abin da ya tsarkake bakin kare, me zai gagare shi? Shekara biyu na yi ina jiran layina. Da ya zo, ban kai ta ɗakina ba. Na shafe ta da koren fenti, na sa kafinta ya yi mata murfin katako, na ɗora wa Inuwa ita bara kafin azumi. Mu randa muke sha har yau.

To, mako biyu da suka wuce gwamnati ta turo mana wani duba-gari, Malam Dzarma, mutumin Biu, wai ya koya mana kiyaye lafiyarmu a wurin aiki. Kwana uku aka yi. Ba a rage mana aiki don haka ba, lokacin hutun rana aka cinye, muka zauna mu ashirin da shida a gindin darbejiya, kowa na gyangyaɗi. Shi ma da ka gan shi ka ga wanda ya gaji, ya ce rumfar ƙiragarmu ce ta biyar da ya je a watan nan, kuma ko'ina dariya ake fara yi masa. Ranar farko ya raba safar hannu ta roba da dogayen takalma. Ya ce kada a fasa goro da jiƙaƙƙen hannu, kada a ajiye ƙunshin abinci a inuwar ganguna, kada a yi alwala da butar da ta zauna a bakin kwarmi, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin a kai komai baki. Duk abin da ya hana, Kawu, shi ne abin da muke yi kullum. Safar kuwa in ka sa ta cikin zafin nan, kafin ka tsoma ƙirgi goma ta cika da gumi kamar salka. Kafin la'asar rabinmu sun cire sun rataye a reshe.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Ba'ana, Babarbare, shi ne babban lebura, shi ya koya mini aiki. Afuno yake kirana, wato Bahaushe da bakinsu, ni kuma in ce masa ya fara gyara Hausarsa kafin ya yi mini suna. Mutumin kirki ne, ko goro ɗaya gare shi sai ya raba. Shi ya fi kowa tsokanar Malam Dzarma. Ya ce shekara goma sha ɗaya hannunsa na cikin ruwan nan, in da mai kisa ne da tuni an raba gadonsa, kuma wanda bai taɓa ɗaga ɗanyen ƙirgi ba ba zai koya wa tsohon kuturu zama da ƙuda ba. Aka yi dariya, har da ni.

Rana ta biyu Malam Dzarma ya nuna hoton da ke jikin kowace ganga, ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye, ya tambaye mu ma'anarsa. Muka ce tambarin kamfani ne, yadda ake da sabulu mai makulli da yadi mai giwa; mu ma ganga mai kai muke ce mata, har muna cewa ta fi sauran ganguna ƙwari. Sannan ya ce wannan hoto an yi shi ne musamman don wanda bai iya karatu ba, ma'anarsa mutuwa. Ya sa aka kawo gangar da aka gama wankewa sau bakwai tana kife a rana, ya ce a fasa gindinta da guduma. Ni na fasa, don ni ne kusa. Ka san gindin ganga naɗe ƙarfen ake yi, kamar kalmasar bakin riga. Da naɗin ya buɗe, sai ga farin garin nan ya daskare a ciki zagaye guda, inda toka ba ta kaiwa, yashi ba ya kaiwa. Ya ce duk ranar da aka zuba ruwa yana jiƙa kaɗan ya fito, ba ɗanɗano, ba wari, kuma zai yi shekaru bai ƙare ba. Ya kankari kaɗan da bakin wuƙa, ya cuɗa da tsaki, ya zuba wa wani ɓera da aka kama a sito. Washegari muka tarar da ɓeran ya sandare.

Ko a nan Ba'ana bai sauka ba. Ya ce ɓera ɓera ne, shi kuwa shekara tara ke nan gidansa ganga mai kai suke sha. Sai Malam Dzarma ya roƙe shi cikin ladabi ya buɗe tafin hannunsa. Duk mun san hannun Ba'ana, wasu ƙullutai ne masu tauri kamar ƙwayar gero a tafin, ga ɗigo-ɗigon baƙi a ƙirjinsa da bayansa kamar yayyafi ya sauka a ƙura. Kullum muna cewa kantar aiki ce. Malam Dzarma ya tambaye shi ko ƙafafunsa suna yi masa kamar tururuwa na tafiya a ciki, ko cikinsa na yawan murɗawa. Ba'ana ya ce wannan ai tsufa ne. Sai Malam Dzarma ya sassauta murya ya tambaye shi ko mai ɗakinsa ta taɓa aikin ƙirgi. Ya ce Ya Kaltum ko ƙofar kamfani ba ta sani ba. Malam Dzarma ya ce to yaya tafin hannunta yake? Kawu, Ba'ana ya dubi hannunsa, ya rufe, ya tura cikin aljihu. Da yamma na gan shi ya ɗauki guduma aro ya nufi gida.

Ni kuwa a wurin nan na tuna saƙon da ƙanwata Saude ta aiko bayan ƙaramar Sallah. Ta ce Inna na fama da murɗar ciki, ƙafafunta na yi mata zugi da wani yam-yam, an ce sanyi ne, ana ta dafa mata saiwoyi. Da wane ruwa ake dafawa? Da wane ruwa take sha? Na bi Malam Dzarma har inda ya jingine kekensa na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce wata goma sha huɗu ba shekara tara ba ne, in aka daina sha yanzu jiki yakan fitar da abin a hankali, da yardar Allah, amma kowace rana da aka ƙara an ƙara ne. Ya rubuta wata 'yar takarda da Turanci, ga ta nan na sa a cikin ambulan, ya ce a nuna wa malamin asibiti.

Rana ta uku Baturen kamfani ya ba da oda cewa daga yau duk gangar da ta ƙare a huda ta, a lotse, a binne. Da yake ni na fasa ta farko, aikin ya faɗo kaina. Wanda layinsa ya zo, shekara biyu yana jira, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa. In na wuce sai in ji ana cewa ga Afuno mai hana ruwa gudu, shi ya samu tasa ya aika gida, ya toshe wa sauran. Ba na tankawa, don ta wani gefen gaskiya suka faɗa, ba su dai san abin da na aika ba. Malam Dzarma ya hau kekensa ya tafi rumfa ta shida. Safar hannu yau mu bakwai ne muke sawa. Sabulun da aka ajiye a bakin famfo kwana huɗu ya yi ya ɓace. Na gaji, Kawu, gajiyar da ba ta ɗaukar ƙirgi ba. Na nemi izinin zuwa gida an hana, wai Babbar Sallah ta gabato, fatun layya za su cika rumfa.

Na san abin da ya sa Inna ta ƙi. Ni ne ɗan farinta, tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban taɓa ganin ta yaba mini a gaban mutane ba, haka al'ada ta ce. Amma Saude ta gaya mini a ƙofar ɗakinta ta ajiye gangar, ta ɗora ta a kan duwatsu uku don kada ta yi tsatsa, in baƙuwa ta yaba sai ta kawar da kai ta ce wai wani ne can Barno ya aiko. Abin da ba za ta iya faɗa da baki ba, shi take faɗa da gangar nan. Shi ya sa saƙon direba ba zai raba ta da ita ba, kuma shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Rashin sani ya fi dare duhu. Da hannuna na shafe hoton gargaɗin da fenti don ta yi kyau.

Ga roƙona. Ranar da takardar nan ta iso, kada a jira gobe. Ka je da kanka, ka sa wuƙa ka kankare fentin a tsakiyar jikin gangar, ɓangaren da ya ɗan lotsa. Ƙoƙon kan zai fito. Ka nuna mata, ka gaya mata labarin hannun Ya Kaltum. Sannan a zubar da ruwan nesa da kaji da awaki, a huda gindin a gabanka, a binne ta can bayan gari, nesa da rijiya. Kada a ba maƙwabta, kada a ce za a zuba hatsi ko a jiƙa dusa a ciki, kada a ba maƙeri. Na san mutanenmu, ba ma iya ganin ƙarfe mai kyau ya tafi ƙasa. Bayan haka a kai Inna asibiti da takardar Malam Dzarma, da Saude da ƙanwarmu Binta, tunda tare suke sha. A duba tafin hannunsu. In ta ce za ta ji kunyar a ce ta yar da kyautar ɗanta, ka ce mata ni na roƙa, kuma ta yafe mini.

Ka gaishe mini da Inna, ko da ba za ta amsa ba. Ka gaishe da Gwaggo Hajja, da Saude da Binta, da Nuraddeen da amaryarsa, da liman da duk mutanen zauren Baba. Sa'adiya ta ce a sa ta a addu'a, Allah ya sauke ta lafiya. Ba'ana ma, da na ce zan rubuto, ya ce in gaishe da tsohuwa, in ce mata wani tsohon Babarbare mai taurin kai ya fasa tasa.

Abu na ƙarshe. Inuwa zai biyo ta Wudil ranar kasuwa mai zuwa. Murfin katakon nan da na sa aka yi, ka aika a ba shi ya kawo mini. Ba amsar takarda nake jira ba, don takarda tana iya cewa an yi alhali ana shirin yi. Inna kuwa ba za ta bar gangarta a buɗe ba ko na yini ɗaya. In na ga murfin a hannun Inuwa, na san ganga tana ƙasa.

Ni ne ɗanka mai jiran murfi,
Bala.