Na ɓoye saƙon hanya, yanzu wani ake zargi da jinin yayana

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma sunayen da za ni ambata duk na canza su. Firamare kawai na gama, sai ku yi haƙuri da rubutuna. Roƙona guda ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ranar wata Talata da la'asar ina bakin rumfarmu ina ɗinke bakin buhu, sai ga babur ya shigo a guje, ba kaya a bayansa. Mu nan in ka ga babur ya dawo daga hanyar iyaka ba kaya, mai shi kuma ba hula, ba sai ka tambaya ba. Ɗaya daga cikin abokan tafiyar yayana Garba ne. Ko mashin bai kashe ba ya ce, "An tare mu bakin fadama. An halbi Garba." Na ce, "Shina da rai?" Ya sunkuyar da kai. Na ci gaba da ɗinkin har na kai ƙarshen bakin buhun, na ƙulle zaren, sannan na miƙe. Mutane suna ta faɗin tawakkalina har yau. Ba tawakkali ba ne. Duk kasuwar nan ni kaɗai ne labarin bai zo wa da mamaki ba.

Mu mutanen ƙasar Sabon Birni ne. Ni da Yaya Garba uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma sana'armu ɗaya, muna kai gero da dawa wata kasuwa cikin Nijar, mu dawo da wake da dabino, wani lokaci da awaki. Haka muka tarar da mahaifinmu yana yi, lokacin da iyaka ba ta wuce wani dutse da ake nuna wa baƙo ba. Tun da aka fara rufe ta ana buɗewa, shingaye suka yi yawa a kan titi, aka kuma hana fitar da hatsi, sai kowa ya koma hanyar daji da babur. Ga naira ta faɗi, sefa ta yi tsada, buhun da ka ƙetarar ya fi biyun da ka sayar a gida. Gonakinmu na nesa kuwa ba su nomuwa saboda mutanen daji, wato ƴan bindiga. To da mi za a ci? Na san a idon hukuma sunan abin da muke yi fasa-ƙwauri. Shi ya sa in abu ya same mu ba mu da inda za mu kai ƙara, mu ne ƴan sandan kanmu, mu ne alƙalan kanmu.

Ga yadda muke aiki. Ba a tashi sai an ji saƙon hanya. Kowane ayari yana da mai masauki a can, fatoma muke ce masa, shi ke sauke mu, ya samo mana masu saye, kuma da yake makiyaya da masu babur duk wurinsa suke bi, shi ke jin inda aka ga ƴan bindiga. Da safe zai kira ya ce a taso ko a dakata. Namu sunansa Isuhu, ya haura shekara ashirin yana sauke gidanmu. Sabis ɗin wayarmu na nan ba abin dogaro ba ne, don haka muke riƙe da layin Nijar guda, shi ma sai an hau tudun bayan gari yake kamawa. Ni da Yaya karɓa-karɓa muke yi, wanda ba zai tafi ba shi ke hawa tudu ya karɓo saƙo. Wannan satin ni ne mai waya.

Sai dai saƙon hanya ya lalace a wurinmu, dole in faɗi wannan ko da za ku ce uzuri nake nema. Ranar da hatsi ya yi ƙaranci a kasuwar can, farashi tashi yake. Sai mutane suka gano cewa in ka tsorata abokin sana'arka ya kwana gida, kai ka ci kasuwa. Wannan ya ce an ga babura ashirin, wancan ya ce an ji harbi, washegari ka ji shi da kansa ya ƙetara. Kowa ya zama abin zargi. Wata biyu kafin rasuwar Yaya, Isuhu ya ce mu dakata, muka dakata. Ranar ko tsuntsu bai tare hanya ba. Mutanen Isa, ayarin garin da ke maƙwabtaka da mu, suka wuce lafiya, suka sayar da tsada, kuma a gidan Isuhu suka sauka. Yaya ya yi fushi ƙwarai. Ya ce mini, "Ka gani ko? Mutanen Isa sun fi mu cika mai hannu. In ya ƙara kira da zancen ga, kak ka ma hwaɗa min." Na san Yaya, faɗan baki ne, kafin magariba ya manta. Ni ne ban manta ba.

Ranar Talatar na hau tudu da sassafe. Isuhu ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Ƙanena, ka ce ma Garba kas su taso yau. An gan su wajen fadama tun jiya, da yawa." Na ce, "Malam Isuhu, irin na rannan ne?" Ya ce, "Rannan ma ba ƙarya na yi ba, Allah ne ya tsare. Aradu yau ba wasa. Ka ji ni?" Na ce na ji. Ina saukowa ina saƙe-saƙe. Wa ya sake saye shi? Mutanen Isa ne za su wuce mu zauna muna kallon buhuna? Ga shi mun riga mun ɗaure kaya, ga kuɗin mai an zuba. Na tarar da Yaya bakin gari yana jan igiyar kaya da ƙafa ɗaya a jikin taya. Ya ce, "Mai waya, mi ag gari? Tsohon naka ya kira?" Na ce, "Ya kira. Shina gaishe ka." Ya yi dariya ya ce, "Gaisuwa ba ta cika tiya. Ka ce ma Inna za ni taho mata da dabino mai taushi, wanda haƙoranta huɗu za su iya." Su biyar suka tafi. Uku suka dawo.

Kun ga ban yi ƙarya ba a lafazi, ya kira, ya kuma yi gaisuwa. Da wannan na rinƙa lallashin kaina kwana uku. Ƙaryar gaske a zaman makoki na yi ta.

Mutanen Isa sun zo gaisuwa, sai ɗayansu ya ce cikin jimami, "Mu da Isuhu bai kira mu ba, da muna ciki. Shi ya ce mu dakata." Shugaban ƴan kasuwarmu, wani Alhaji dattijo, ya juyo ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Ɗana, waya na hannunka rannan. Ya ba ka saƙo?" Ga matar ɗayan mamacin tana kuka a cikin gida muna ji. Ga ƴaƴan Yaya zaune gefena. Na ce, "Bai ba ni ba, Alhaji." Kafin a watse na zagaya bayan gida na goge kiran daga waya.

Daga nan magana ta fi ƙarfina. Aka ce Isuhu ya gargaɗi mutanen Isa ya bar namu, ashe saida mu ya yi. Aka ce infoma ne, dama ta ina yake jin labarin mutanen daji in ba tare suke ba? Wani ya tuno ya ga sabon babur a gidansa. Wani ya ce ɗan Isuhu ya daina biyo hanyar tun sati guda kafin abin. Mutanen da suka ci tuwon gidansa shekara da shekaru kowa ya samo abin faɗi. Ƙungiyarmu ta ƴan kasuwa ta yanke ba mai ƙara sauka wurinsa, mutanen Isa ma suka janye don kada a haɗa da su. Mutumin da tsakar gidansa ke cika da buhuna, an ce yanzu kaji ke kiwo a wurin. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na ji da kunnena an kai sunansa wurin ƴan sa-kai. Wanda ya san yankinmu ya san abin da ke samun wanda aka kira infoma in ya shiga hannu. Ba a kai shi ofis.

Bayan sati biyu na hau tudu, don har yanzu ni ke riƙe da layin, sai ga kiran Isuhu. Na ɗauka. Ya yi mini ta'aziyya mai tsawo, ya yi wa Yaya addu'a har muryarsa ta karye. Sannan ya ce, "Ƙanena, ka hwaɗa mai?" Na yi shiru. Ya ce, "Tau. Na ji amsa." Na ce, "Malam Isuhu..." Ya ce, "Bari. Wayata na nuna na kira ka rannan, har da tsawon maganar. Ban gwada ma kowa ba. Tsohuwa ta rasa ɗa guda, ba ni son ta rasa na biyu da ransa. Amma ni ma ina da ɗiya, kuma suna ji ana ce ma ubansu maci amana. Ranar arba'in za ni zo in gaida Inna. Wanda bai ci ba, ba ya ɓoyon baki."

Tun ranar nake juya maganar nan. Rufin asiri ne ya yi mini, ko kashedi? Don mi ya ambaci wayar in ba so yake in san wuyana na hannunsa ba? In ya zo, gaisuwa zai yi ko a gaban jama'a zai fiddo ta? Wani lokaci har in ce, to shi ɗin ma ta ina ya ji? Sabon babur ɗin fa? In kama kaina ina tattara zargin da mutane ke yi ina auna shi, ina fatan ya zama gaskiya, don in ya tabbata infoma ne nauyin da ke kaina ya ragu. Kun ji inda na kai. Mutum ya yi ƙoƙarin ceton ɗan'uwana, ni kuma ina roƙon a same shi da laifi. Ko da a ce yana da wata hulɗa da su, wadda ban sani ba kuma ban gani ba, ai ya kira. Ni aka ba saƙo.

A gida kuma abin ya fi ciwo. Inna ba ta da lafiya sosai, tun rasuwar ba ta cin abin kirki. Rannan na shiga gaishe ta, ta kama hannuna ta ce, "Auta, Allah ya isa tsakanina da Isuhu. Da hannuna na sha dama mai fura. Kai dai Allah shi yi ma albarka, kai ka rage min." Na ce amin. Matar Yaya tana takaba, in na kai cefane daga bayan labule take ce mini, "Baban yara, an gode, Allah shi bar zumunci." Kowace godiya kamar ana ɗora mini buhu a ƙirji. Yaran nan shida yanzu ni suke kallo. In na faɗi gaskiya, wa zai ƙara tafiya ayari da ni? Wa zai ƙara yarda da saƙon da ya fito bakina? A sana'armu wanda ya riƙe saƙon hanya ya gama, ko gishiri ba mai ba shi ya kai. Dangin ɗayan mamacin kuma ban san abin da za su yi ba, ɗansu bai san hawa ba bai san sauka ba, bin Yaya kawai ya yi. Ina kuma tsoron zuciyar Inna ba za ta ɗauka ba.

Na yi tunanin in je wurin limaminmu, sai na tuna ƙanensa yana cikin ƙungiya. Na yi tunanin in samu Alhaji shi kaɗai, har na kai ƙofar gidansa sau biyu, na gaishe shi na dawo. A garinmu yanzu ba ka san kunnen da maganarka za ta kwana ba. Shi ya sa na kawo ta nan inda ba a san fuskata ba.

Akwai wanda zai ce abin ai mai sauƙi ne, kira Isuhu ka ce kada ya zo. Na sani. Isuhu ya san an ƙaurace masa, amma bai san sunansa ya kai wurin ƴan sa-kai ba. In na gaya masa, ya gane ba sunansa kaɗai ke cikin haɗari ba har da ransa, zai fiddo wayar ya nuna, kuma yana da gaskiya. Wannan ne ya riƙe mini baki, ba wani abu ba. Na rubuta shi don kada ku ɗauke ni mutumin kirki da ya yi kuskure sau ɗaya.

Jama'a, don girman Allah ku ba ni shawara. In tashi a gaban mutane ranar addu'a in faɗa? In fara da Inna, ko in bar ta ta ji daga bakin wasu? Akwai hanyar da za ni wanke bawan Allah nan ba tare da na rushe gidanmu ba, ko kuwa babu, son kai ne ke sa ni nemanta? Malamai, mi ke kaina game da rayukan nan biyu? Mi za ni yi?

Arba'in saura kwana shida. Jiya na hau tudu, Isuhu ya kira sau biyu ina kallo har ta katse. Har yanzu ban gaya masa kada ya taso ba.