Rigar sanyin da ta ci gemun Baba

Zuwa ga ƙanena Hamadu,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin Faransa? Mu nan Garwa kowa lafiya, in ban da abin da ka jawo mana.

Rigar sanyin nan mai zif a wuya da ka aiko wa Baba ta iso. Kai da aka haifa a garin nan, har ka manta da zafin bazara? Ka kuma rubuto wai a ja zif ɗin har sama, haka manya suke sawa a can.

Ranar sunan ɗan ƙanwarmu Asabe, Baba ya saka ta don mutane su ga kyautar ɗansa. Yana jan zif ɗin, sai ya kama gemunsa. Ga gumi, ga malamai zaune suna jiran ya buɗe addu'a. Wanzamin da ya zo askin jariri ne ya sa aska ya raba su. Gemun shekara talatin, Hamadu! Tun ranar ba ya fita sai ya rufe haɓarsa da rawani.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida abokan zamanka. Baba ya ce in rubuta maka cewa rigar ta yi masa kyau. To, na rubuta.

Yayarka,
Hadiza