Baffa Manu, Wa Ya Tsaya Ƙarƙashin Gada?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baffa Manu.

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da aminin uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyali can Kaduna. Ni ce Hajara, 'yar Saje Altine na Unguwar Rogo a Sakkwato. Na kawo sunana da na ubana ne domin na lura kwanan nan sunaye suna kuɓuce maka. Na kira wayarka har na gaji ba ka ɗauka ba, shi ya sa na rubuto nan inda kowa zai gani. Masu leƙe kuma ku leƙa, ban hana ba.

Littafin da ka rubuta na tarihin bataliyarku ta sojojin injiniya ya iso, da hotonka a bango cikin kakin Manjo. Baba ya karɓa da hannunsa mai lafiya, ya shafa, ya ce takardar mai kyau ce. Ka san idonsa ya tafi, don haka ni nake karanta masa a zaure bayan la'asar, in na dawo daga koyarwa.

Ba zan zalunce ka ba, ka iya rubutu. Ka faɗi yadda bataliyar ta fara da shebur da diga, da rijiyoyin da kuka haƙa, da hanyoyin da kuka fasa a daji, da yadda masu tonon nakiya suke jera duwatsu masu farin fenti don na baya su san inda za su taka. Baba yana ji yana gyaɗa kai, yana ƙara mini sunayen waɗanda suka rasu. Na daɗe ban ga farin ciki irin wannan a fuskarsa ba.

Sai muka zo babin gada.

Ga wanda bai sani ba, bataliyarsu tana da al'ada. Idan sun haɗa gadar ƙarfe, wanda ya jagoranci aikin shi ne zai sauka ya tsaya ƙarƙashinta yayin da motocin farko suke hayewa. Idan aikin na gaskiya ne, ya fito lafiya. Idan an yi ha'inci, a kansa za ta fara. Kai ka koya mini wannan, Baffa, ina zaune kusa da kai kana cin tuwon shinkafar Innarmu. Kakan ce: “Wanda yag gina, shi ka tsayawa ƙalƙashi.”

Kuma kai da bakinka ka ba mu labarin ranar, ba sau ɗaya ba. Kuna aikin kiyaye zaman lafiya a wata ƙasa, ruwa ya cika kogi, jama'a na jira a wancan ƙetare. Kana sabon Laftana, kai ne jagoran aikin. Na haddace kalmominka: “Ran nan ƙahwahuna sunka ƙi ni, Altine yak karɓi hulata ta ƙarhe yas sabka.” Mota ta uku tana kan gadar, wata ƙusa ta zame, ƙarfe ya faɗo wa Baba a kafaɗa. Gadar ta tsaya, jama'a sun haye. Hannun Baba na dama kuwa tun ranar bai sake wuce ƙirjinsa ba. Da ɗaya yake ɗaga kabbara har yau.

A littafinka, kai ka sauka. Kai kaɗai, ruwa iya ƙugunka. Shafi huɗu ka yi kana ba da labarin ƙarar ƙarfe a saman kanka. Na duba daga bango zuwa bango, sunan Altine bai fito ko sau ɗaya ba. Akwai dai wani hoto da kake tsakiya, Baba yana gefe an yanke masa rabin fuska, a ƙasa an rubuta sunanka da “wasu sojoji”. Ubana ne wasu? Wallahi na ji kunya a madadinka, kuma na ji haushin da ban taɓa ji ba.

To ka ji abin da ka sa na yi. Na yi wa makaho ƙarya. Duk inda ka rubuta kanka ƙarƙashin gadar, na karanta Saje Altine. Na ƙara masa jimloli daga bakina, na ce Baffa Manu ya yaba maka. Sau uku ya sa na karanta babin, sau uku ina ƙaryar, ni da nake hana ɗalibaina satar amsa.

Na manta da wa nake yi. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kasa kunne ga ƙarfe don ya gane ƙusar da ba ta zauna ba. A karo na huɗu ya dafa littafin, ya ce: “Ɗiyata, wurin ga muryarki na rawa. Karanta shi yadda anka rubuta.” Na karanta ina kuka. Ya saurara har ƙarshe. Abin da kawai ya ce shi ne: “Kak ki hwaɗa ma Manu na sani.” Ga shi na faɗa, kuma ban nemi izini ba.

Ka san ubana bai ɗauki al'adar nan wasa ba. Shekarun baya, shi da tsofaffin abokan aikinsa uku suka yi wa bakin lungunmu kwalbati. Ranar da tifar yashi za ta fara bi, ya naɗe wando ya shiga lambatu ya durƙusa ƙarƙashi, cikin ruwan kwata. Unguwa ta taru tana dariya, aka ce soja ya taɓu. Kwalbatin na nan har gobe. Wannan shi ne mutumin da ka kankare.

Abin da ya fi ci mini rai, ba baƙo ne ya yi ba. Kai ka yi mini huɗuba, ka sa mini sunan mahaifiyarka, kake ce mini Inna. Kai ka riƙe hannuna ranar da aka kai ni makaranta. Ina yarinya, in an tambaye ni ubannina nawa, biyu nake cewa. Har yanzu in na ji ƙamshin turarenka a jikin wani sai na waiga, kuma ina jin haushin kaina a kan haka.

Asabar mai zuwa tsofaffin bataliya za su taru nan Sakkwato don ƙaddamar da littafin, kuma an ce kai za ka karanta babin gada. Baba zai je. Ya sa an goge masa lambobinsa na yabo, ya ce a ajiye maka kujera a damansa, wajen kafaɗar. Na san shi, zai zauna ya ji ka, har ya buga hannunsa mai lafiya a gwiwa ya tafa maka. Cikin masu rai, ku biyu kaɗai kuka rage da kuka ga ranar, kuma shi ba zai tona ka ba.

Kai ka gina littafin nan, Baffa. Ka zo ka tsaya ƙarƙashinsa. Ka faɗi sunan da bakinka a gaban mutane, tun mai sunan yana da kunnen ji. Idan ƙafafunka suka sake ƙin ka, ni zan miƙe in faɗa, kuma wannan karon muryata ba za ta yi rawa ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye ku, Ya ba Baba ladan kafaɗarsa. Kai kuma Allah Ya ara maka ƙarfin zuciya na minti ɗaya, Ya sa kada ka cika da haƙƙin amininka a wuya. Amin.

Wadda ka sa wa sunan uwarka,
Hajara, 'yar Saje Altine.