Ƙaiƙayin da Ya Kusa Raba Baba Haru da Makullinsa

Zuwa ga mahaifina, Malam Isufu bakanike, a makwancinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda ɗa ke yi wa uba, ina sanar da kai cewa gida lafiya, Inna lafiya, garaji kuma yana nan inda ka bar shi, sai rumfa ɗaya da na ƙara. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma akwai labarin da na kasa riƙe shi a ciki, kuma kai kaɗai za ka ji daɗinsa yadda ya kamata.

Zancen amininka ne, Baba Haru direba. Ka san bayan ya bar manyan motoci ya koma tuƙa katkat, ƙaramar motar shiga daji ta ƙungiyar matan ƙauyen Guna masu man gyaɗa. To da bazarar nan ta shigo, sau uku motar tana tafasa masa a hanyar Damagaram, allurar zafin inji ta hau ja, tururi na fita ta ƙarƙashin kapo, wato murfin inji, mata na tsaye a rana da jarkokinsu. A karo na uku shugabarsu, Hajiya Zainabu, ta karɓe makulli a gaban kowa, ta ce tsufa ya kama shi, mantawa yake da zuba ruwa. Ta ce ran Juma'a za a ba wani.

Ran Litinin ya zo mini. Baba, tunda nake ban taɓa ganin mutumin nan ya zauna a garajinmu bai tsokani kowa ba sai ranar. Ko shayi bai taɓa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ɗana, shekara talatin ban ƙona injin kowa ba. In ni ne, ka gaya mini a fuskata." Raina ya ɓaci sosai, ba zan ɓoye maka ba.

Kafin ni, garaji biyu sun taɓa motar. Na farko ya cire kalorsta, ɗan ƙarfen nan mai buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗau zafi, ya jefar. Na biyu ko kapo bai gama ɗagawa ba ya yanke hukunci cewa juwan kilas, shimfiɗar nan da ke liƙe kan inji da jikinsa, ya ƙone, sai an farke inji daga sama. Ka san irinsu, sun fi son a ji ƙarar guduma.

Na roƙi Hajiya ta turo motar, na bi ta daki-daki yadda ka koya mini. Na bari ta huce tukuna, don ban manta tabon ƙunar ruwan radiyata da ke hannunka na hagu ba. Na duba mai, baƙi ne wuluk, bai yi launin kunu ba, ke nan ruwa bai haɗu da shi ba. Na buɗe bakin radiyata na tada inji, babu kumfa mai tasowa, kuma babu farin hayaƙi ta baya. Nan na san inji lafiyarsa lau. Igiyar fanka a ɗaure take tam, fanka na juyawa, famfon ruwa ba ya kuka, robobi ba sa yoyo, murfi ma yana riƙewa. Ruwa kuwa cike yake, tsoho bai manta da komai ba.

A nan zan ɗan saɓa maka, ka yi haƙuri. Kai ma kalorsta cirewa kake yi, kana cewa kayan ƙasar sanyi ne, mu nan ba mu da buƙata. To ni na sayo wani na mayar. Na daɗe da lura cewa cire shi ba ya maganin komai, ɓoye ciwon kawai yake yi na ɗan lokaci, inji kuma ya riƙa wahala da safe. Na san da kana nan da mun kwashe yini muna musu, a ƙarshe ka ce yaran yanzu sun fi ƙarfinka.

Na fita da ita gwaji, ban yi nisa da gari ba allura ta soma hawa. Komai daidai, amma zafi ba ya fita. Ina tsaye a bakin kwalta sai maganarka ta faɗo mini, wadda nake jin haushinta ina yaro: "Kafin ka ɗauki kile ka kwance wani abu, tambayi direba inda motar ke kwana da ruwan da take sha." Ruwa dai na famfo Baba Haru ke zuba mata, ba ya yarda da na rijiya mai kanwa. Saura makwanci. Na ce masa ran Alhamis mu tafi Guna in gani da idona.

Muna isa ya nuna mini gindin wani gawo a ƙofar gidan Hajiya. Taku goma daga nan turame ne a jere, mata na sussukar gero suna sheƙewa, iska kuma na kwaso ƙaiƙayi tana watsa shi daidai inda hancin motar ke tsayawa. Tun kaka abin da ake yi ke nan. Da sanyi ba a gane ba, sai da zafi ya zo.

Ta gaba ba a ganin komai, don Baba Haru kullum sai ya goge. Amma motar tana da kilim mai sanyaya ciki, radiyatarsa na gaban ta inji, tsakaninsu da ƙyar yatsa biyu ke shiga. Na kwance kusoshi huɗu na jawo ta kilim ɗin gaba, na zura hannu a tsakaninsu. Baba, abin da na zaro ya kai kaurin tabarma, ƙaiƙayi da ƙura da karangiya sun manne sun zama abu guda. Ta ina iska za ta wuce? Na ɗaga shi sama don kowa ya gani, na shimfiɗa shi a gaban Hajiya.

Sai wata tsohuwa ta ajiye taɓarya ta tuna wa Hajiya cewa ai ita Hajiyar ce ta hana a ajiye motar a filin makaranta, ta ce a kawo ta ƙofarta inda idonta zai riƙa kai wa. Mata suka yi ta ƙunshe dariya a mayafi. Na wanke radiyatar daga baya zuwa gaba, na ɗaure komai, na miƙa wa Hajiya makullin, tunda daga hannunta na karɓa.

Ta miƙa wa Baba Haru, shi kuwa ya mayar da hannuwansa baya. Ya ce a gaban matan nan aka ce ya tsufa ya lalata mota, a gabansu yake son a warware. In faɗi gaskiya, Hajiya mace ce mai mutunci. Ta ɗaga murya ta ce, "Ku shaida, Baba Haru bai yi laifi ba, mu muka toshe wa motar hanci. Baba, ka yafe mini." Sannan ya karɓa.

Shi ya tuƙo ni zuwa gida da tsakar rana, mota cike da jarkoki, allura kuwa ko motsi ba ta yi daga tsakiya ba. Da muka shigo gari sai na ga ya bar hanyar garaji ya nufi maƙabarta. Ya tsaya a bakin katanga bai kashe inji ba. Na kai hannu zan kashe, ya riƙe ni ya ce, "Bar ta, Isufu ya ji aikin ɗansa." Muka shiga muka yi maka sallama, tsohon nan yana ta share ido da gefen rawani, ni ma ban iya daurewa ba. In ka ji ƙugin mota ran Alhamis bayan azahar, Baba, mu ne. Ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya yalwata maka shi, Ya sa abin da ka koya mana ya zame maka sadaka mai gudana. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, da kai da amininka.

Wassalam.

Ɗanka mai yi maka addu'a kullum,
Mamman Lawali